Kwanon Yayana

Jiya a fadamar Danchadi na taka kwalbar maganin tari da aka yar, sai kakata ta faɗo mini a rai.

Lokacin da yayana ya faɗa shan maganin nan, mutanen gida suka ware masa kwano. Ita kuwa sai ta jawo tabarmarta, ta sa hannu cikin tuwonsa. Miyar kuka na ɗiga a rigarsa, tana gogewa da bakin zanenta.

Babanmu ya ce, "Inna, ƙyale shi, shi gane kurenai."

Ta ce, "In kowa ya guje shi, wurin wa za shi komo?"

Bai daina ba sai bayan rasuwarta. Allah ka isar mata da labarin, ka haskaka kabarinta.