Baƙo Mai Rediyo da Gonar Malam Gidaɗo

Kowace safiya a Cadawa, kafin ya sha koko, Baƙo kan jera pil, wato baturan rediyonsa, a rana, wai su ƙara ƙarfi. Tun da aka samu mulkin kai ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi: ya saurari sanarwa, ya hau keke, ya kai wa wanda ta shafa. Ga shi da tambayar tsiya, ko mai tallar ƙosai bai bari ba.

Rannan rediyo ta ce jami'ar da aka buɗe a Yamai na neman malamai, kuma za a tura wasu waje su yi binciken doktora. Abin ya ɗaure wa Baƙo kai. Mutumin da ya gama lakol, makarantar boko ke nan, me kuma ya rage masa? Ya tambayi liman, ya tambayi jandarma, ba wanda ya gamsar da shi. Sai ya tuna da Mushe Haladu, malamin lakol ɗin nan da ke yawo gonaki yana tsintar zangarniyar gero, yana son sanin dalilin da wani iri ke jure fari, wani ya ƙone.

Baƙo ya kai masa labari, Haladu ya nema, aka ɗauke shi. Amma mahaifinsa, Malam Gidaɗo, ya ce ba zai sa albarka ba. Ƙarfinsa ya ƙare, Haladu kaɗai ke gare shi, wa zai nome gonar? Shi kuwa Haladu ba zai taka mota ba sai da yardar uba.

A gaban mutanen zaure Baƙo ya ce, "Baba, ka sallame shi. Ni zan riƙe maka hauya har ya dawo."

Bawan Allah, ashe a zatonsa binciken na damina guda ne! Aka girbe, aka sake shukawa, aka sake girbewa, Haladu na Dakar. Abokai suka yi ta tsokanar Baƙo, wai doktorar tasa ta noma ce. Ya kan yi dariya, ya saɓa hauya. Ya gaji, kowa ya gani, har tasa gonar ta yi ciyawa, amma bai taɓa fashi ba.

Kai ne, Baƙo, ka sayi karatun wani da guminka, alhali ko sunanka ba ka iya rubutawa. Cika-alkawari na Cadawa, mun gode. Allah ya saka maka.

Bana Haladu ya gama, jami'a ta riƙe shi malami, wato gona kam ya bar ta ke nan. Malam Gidaɗo ya kira Baƙo ya ce ya yafe masa alkawarin. Baƙo ya ce, "Baba, har ya dawo na ce. Ai bai dawo ba."

Jama'a, ruwa ya sauka, Baƙo na can gonar Malam Gidaɗo shi kaɗai. Duk mai hauya ya je ya karɓe shi ko kunya guda ce.