Ƙwayar da Hauwa'u ba ta sha ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita aiki aka kira ni: Hauwa'u ta rasu. Ta haihu bayan asuba, jini ya ƙi tsayawa, kafin a iso Daura da ita rai ya yi halinsa.

Ƙawata ce tun firamare. Ni na zama ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti ta wajen Sandamu, ita kuma tana sayar da kwaɗon zogale da dafaffen ƙwai a bakin ƙofar asibitin.

Ba ta taɓa barina na wuce da yunwa ba. Ta cika min leda, ta ƙara ƙuli, ta ce, "Ci, likitar ganye."

Haka take tsokanata, don kullum bakina a kan bitamin yake: a ci zogale, a ci wake da hanta, a rage kanwa a miya. Ta haddace bayanin nan kaf, har da shi take talla. Amma ita sai ta sayar da komai, ta koma gida ta ci tuwo da miyar kuka.

Ganinmu na ƙarshe ran awo ne, mako uku da suka wuce. Na ja fatar idonta, fari fat. Na ce, "Hauwa'u, kina shan ƙwayar ƙarin jinin nan kuwa?"

Ta yi dariya. "Ke Binta, ƙwayar nan ɗa take girmarwa a ciki. Ke za ki haifar min shi?"

Na yi mata faɗa, ta ce to za ta sha. Na yarda, don layi ya yi tsawo ran nan. Wannan yardar ce ke cina.

Ɗazu na je gaisuwa. Ina zaune matan gidan suna cewa ai ƙwayar asibiti ce ta girmar da yaron, ta kashe uwar. Ƙanwarta ta ja ni ɗaki, ta buɗe kwallar da Hauwa'u ke ajiya. Ga ƙwayoyin nan na wata biyar, ko ɗaya ba a ɓare ba.

A gidan makoki zan tashi na tona asirin gawa?

Mata uku masu ciki na gani a tsakar gidan, duk katinsu na awo yana hannuna. Sun ji abin da aka faɗa, kuma na san wa za su yarda da shi. Shekara tara ina wannan bayani, wallahi yau ban ga amfaninsa ba.

Allah Ya jiƙan Hauwa'u, Ya sa haihuwar nan ta zama shahada gare ta, Ya raya marayan da ta bari.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Ku haɗa da matan nan uku, ni dai dabarata ta ƙare.