Ƙofofin kwali da na jera a Lyon

Shekarun baya, wajen 1994, ina dakon kayan lambu a babbar kasuwar Rungis. Abokin aikina mutumin kudancin Indiya ne, mabiyin addinin Hindu. Shekara biyu yana tara kwalin lemu, ya gina siffar babban gidan bautar garinsu. Ya yi shi ne don mahaifinsa da ke Lyon, wanda ya makance kuma ba zai ƙara ganin gida ba. Burinsa tsohon ya shafa ya gane wurin.

Da ya roƙe ni in kai shi da kayan a motata, tambaya ɗaya na yi: "Da gunki a ciki?"

"Katanga da ƙofofi ne kawai, Malam."

Muka isa Lyon ran Lahadi. Ya tafi ɗauko tsohon daga asibiti, ya bar ni da kayan a falo, ba a harhaɗa su ba. Ni kuwa ba na iya kallon abu a watse. Na jera katangu bakwai, wata cikin wata. Sannan na auna ƙofofin, masu tsini kamar hasumiya. Na sa ƙarama a waje, mafi tsawo a tsakiya, don a ganina babba a tsakiya yake zama. Har na share ƙasa.

Abokina ya shigo da tsohon, ya tsaya cak, fuskarsa ta sauya. Kafin ya yi magana tsohon ya durƙusa ya miƙa hannu. Ya shafa waje, ya shafa ciki.

"Wannan ba garinmu ba ne," in ji shi da Faransanci. "Wa ya jera?"

"Ni ne, Baba."

"Kai soja ne?"

"Ɗan dako ne."

Ya yi dariya, ya ce in zauna. Ya bayyana mini cewa ɗakin tsakiya shi aka fara ginawa, ƙarami ne, mai duhu. Sarakunan da suka zo daga baya ba su taɓa shi ba, sai su ƙara katanga daga waje, da ƙofar da ta fi ta baya tsawo. Muka sake jeri, shi yana faɗa, ni ina ɗorawa. A katanga ta biyar yatsansa ya tsaya.

"Nan mahaifiyata take sayar da fure."

Abokina ya juya ya kalli taga.

Addinina yana nan yadda yake, son tsari ma bai bar ni ba. Amma tun ranar, in na tarar da kayan wani a watse, sai na tambayi wanne aka fara ajewa kafin in sa hannu.