Kwalaben Baban Sito

Shekara talatin da ɗaya Baban Sito ya yi riƙe da makullin ɗakin ajiyar sinadarai na kwalejinmu. Ina ɗaliba na same shi a can, na dawo ina koyarwa na sake samunsa, cikin farar rigar nan da asid ya huhhuje mata aljihu. Gajere ne, ga faɗa kamar me. Ka fasa masa kwalba, ranar sai ka gwammace kiɗa da karatu. Amma in ɗalibi ya ƙone yatsa, shi ne zai riga kowa jan hannunsa zuwa bakin famfo, yana wankewa yana masifa.

A zamaninsa da baki ake zuƙo ruwan gwaji cikin bututun gilashi, da hanci ake gane abin da ke cikin kwalba, abin da ya rage kuma a tuttule shi a magudana. Haka aka koya masa, haka ya koya mana. Ba mugunta ba ce, iyakar abin da aka sani ke nan. Huhunsa ne ya ɗauki nauyin. Tari ya kama shi ya ƙi saki, likita ya ce rabin huhun ya tafi, in kuma yana son sauran, to kada ya ƙara shaƙar iskar sito. A kan haka ya yi ritaya.

Ya bar mana kwalabe sama da ɗari biyu. Danshi ya daɗe da cinye takardun sunayen da yawa daga cikinsu, amma shi ko a jikinsa, don da mazauninta yake sanin kowace. Kanta ta uku, ta biyu daga hagu, ai wance ce. Mun sha roƙonsa ya rubuta, sai ya ƙwanƙwasa goshinsa ya ce, "Ga littafin nan." Ranar da ya miƙa makulli abu ɗaya ya ce: kada a matsa masa kwalba daga inda take.

Bayan shekara biyu gwamnati ta buɗe tallafi ga kwalejoji da jami'o'in da ke son koyar da haɗa sinadarai ta hanyar da ba ta cutar da mutum ko muhalli. A yi gwaji da ɗigo maimakon cikin kofi, a bar masu dafi in akwai masu sauƙi, kada a zuba komai a magudana. Ni na rubuta takardar neman, kuma Allah ya sani tarin Baba ne a kunnena ina rubutawa. Aka zaɓe mu, da sharaɗi guda: kafin masu dubawa su zo, a kwashe tsoffin sinadarai kaf. Kamfanin da ke kwashewa kuwa ba ya taɓa kwalbar da ba ta da suna.

Na ce ai da sauƙi. A sa wa Baba kujera can nesa da ƙofa, in rufe hancina in shiga, yana faɗa ina rubutawa. Da na buɗe siton, sai na tarar ba kwalbar da ke mazauninta. Ashe shugaban sashenmu, da ya ji baƙi na tafe, ya sa masu shara sun gyara wurin. An jera kwalaben bisa tsawo, dogaye a baya, gajeru a gaba, kamar 'yan makaranta za a ɗauke su hoto. Har yana tambayata ko bai yi kyau ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ya yi kyau. Ka kashe mu." Gyaran gangar auzinawa ke nan. Kwalba hamsin da shida ba suna, ba mazauni. In an aika su gwaji waje, sai an yi wata biyu. Mu kwana tara ya rage mana.

Na je gidan Baba da yamma. Matarsa, da duk muke ce wa Inna, ta shimfiɗa mini tabarma kusa da kujerarsa. Na ba shi labarin daga farko har ƙarshe. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Bisa tsawo?" ya ce, da ya samu numfashi. "Kai, ilimi ya yi."

"Baba, na zo in gaishe ka ne kawai."

"Yaushe masu dubawar za su zo?"

"Alhamis ta sama."

"In ba a kwashe ba fa?"

"Sai a ba wata makaranta."

"Yaran kuma su ci gaba da shaƙar abin da na shaƙa."

Inna ta ajiye kofin ruwa da ƙarfi. "Malam, ka ji abin da likita ya ce."

"Na ji, ai ban kurmance ba. 'Yata, gaida gida."

Ranar Asabar wajen sha ɗaya na safe maigadin kwaleji ya kira ni. Tun ƙarfe bakwai Baba ya zo, ya ce masa ni na aiko shi, shi kuma wa zai hana Baban Sito makullin sito? Na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da ƙofa, leɓɓansa sun yi baƙi, ƙirjinsa na kuka kamar tsohon ƙyaure. A bayansa kwalba arba'in da tara na ɗauke da sababbin takardu da rubutunsa mai karkata. Da hanci ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sauran bakwai ya ware su a kusurwa, ya rubuta a kwali: Ban gane su ba. Kada kowa ya shinshina.

Na durƙusa ina kuka ina yi masa faɗa. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce, "Bar surutu. Bakwai ɗin nan, ki roƙe su."

Na roƙi masu dubawa, suka ba mu lokaci a kan bakwai ɗin. Tallafin ya zo. A hawa na biyu aka gyara sabon ɗakin gwaji, yau ɗalibaina ɗari da wani abu suna aiki a ciki, ba mai tari, ba mai hawaye. Baba bai taɓa ganinsa ba. Sati uku ya yi a asibiti, ya fito ba ya iya taka matakala ko uku. Wata biyar bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Da na je ta'aziyya Inna ta riƙe hannuna, ba ta ce mini komai ba sai addu'a. Da ma ta zage ni, da na fi jin sauƙi. A kwaleji kowa cewa yake taurin kan Baba ne, ba wanda ya aike shi, kuma gaskiya ne ban aike shi ba. Amma shekara ashirin na san mutumin nan. Ranar da na zauna a kan tabarmar nan na faɗa masa Alhamis ce, na san abin da zai yi, kuma na faɗa.