Saki-Sannu da Mota Mai Kuloci Biyu

Ba da sunan Saki-Sannu aka haife shi ba. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa, sunan kuwa ya bi shi har ya danne na gaskiya. Mai koyar da tuƙi ne. Tun gashinsa yana baƙi wuluk har ya koma kamar an barbaɗa masa toka, wurin zamansa ɗaya ne: kujerar gefen direba, cikin wata tsohuwar farar mota mai birki biyu, ɗaya na ɗalibi, ɗaya nasa. Daga safe har yamma karatun bai canzawa.

"Taka kuloci. Sa lamba ɗaya. To, saki sannu. Na ce sannu! Kai da motar nan akwai gaba ne?"

Rabin masu tuƙin garin ta hannunsa suka bi. Teloli, malaman makaranta, matan aure, har da wani alƙali da ya taɓa fita daga motar idonsa ya yi ja. Ba mugu ba ne, bakinsa ne dai ba shi da birki. In ɗalibi ya kashe mota a tsakiyar titi, sai ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, sannan ya ce cikin sanyin murya, "Ba komai. Motar ce ta gaji da kai." Amma ranar da ɗalibin ya ci jarrabawa, shi ne zai fara rungume shi, ya juya baya yana cewa wani abu ya faɗa masa a ido.

Aƙidarsa ɗaya ce, kowa kuma ya san ta: motar da ba ta da kuloci ba mota ba ce, kujera ce mai tayoyi. "Mutum ya zauna kamar buhu," in ji shi, "ƙafa ɗaya tana aiki, ɗaya tana barci, wai shi a dole yana tuƙi."

Sai dai akwai abin da ke cin ransa. Duk tsawon rayuwarsa a cikin mota, bai taɓa gudu ba. Mai keke ya wuce shi, mai baro ya wuce shi, wata rana ma akuya ta wuce shi, ta tsaya a gaba ta waiwayo. Shi kuwa zuciyarsa tana wajen irin motocin nan gajeru masu ƙofa biyu, waɗanda cikinsu ke kusan sharar ƙasa, masu gurnani kamar an taka wutsiyar zaki. In irinsu ta wuce yana cikin magana, maganar ta mutu ke nan, wuyansa zai bi ta har ta ɓace. Matarsa takan ce, "Malam, ka dawo, muna nan."

Da ƙarfinsa ya fara ja baya, ya sayar da makarantar tuƙin ga wani tsohon ɗalibinsa. Abin da aikin ya bar masa shi ne rufin asiri, da gwiwar hagu mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Babbar 'yarsa, mai kantin magani, ita ce ta zo wata safiya ta same shi a zaune a ƙofar gida yana kallon titi, ba aiki sai gyara wa masu wucewa tuƙi daga nesa.

"Baba, tashi mu je. Motar nan da kake karya wuya kana kallonta, ka saye ta ka huta. In ba yanzu ba sai yaushe?"

Ya yi 'yar gardama don kada a ce ya yi zalama, amma kafin ta rufe baki ya riga ya sa takalmi. Matarsa ma ta yafa mayafi ta bi su, ta ce ba za a yi abin kunya ba ta nan.

Wurin sayar da motocin duk gilashi ne, ƙasa na sheƙi, sanyi na ratsa ƙashi. Wani mutum mai kwat mai ƙyalli da santsin baki ya tarbe su, ya kai su gaban motoci biyu iri ɗaya, kamar tagwaye, ɗaya fara ɗaya ja. Saki-Sannu ya zagaya su yana shafa su da bayan hannu.

"Farar manuwal ce, Baba," in ji mai kwat. "Jar kuma sabon salo ce, kuloci biyu gare ta."

"Biyu?" Saki-Sannu ya dafe gwiwa. "Ni da ɗayan ma ƙafata ke neman kai ni ƙara?"

"Ai ba kai za ka taka ba, ita ke taka abinta. Ɗaya yana riƙe da lamba ɗaya da uku da biyar, ɗayan yana riƙe da biyu da huɗu da shida. Kana tafiya a uku, huɗu ta riga ta ɗaura ɗamara tana jira. Kafin ka ƙifta ido ta canza. In kuma kana son ka canza da kanka, ga 'yan kunnuwa biyu a bayan sitiyari, sai ka ja da yatsa."

Saki-Sannu ya leƙa ƙasan sitiyarin jar. Abin takawa biyu ne kacal, birki da totur. Ya miƙe ya kaɗe hannu.

"Ashe dai atomatik ce ta ci ado. Ba ni makullin farar."

Shiga motar ma aiki ne. Sai da ya naɗe kamar tabarma, 'yarsa ta tura masa ƙafa, mai kwat ya kare masa kai. Amma da ya zauna, hannunsa ya sauka a kan gajeriyar sandar giya, injin ya yi gurnani, sai fuskarsa ta koma ta yaro. Suka fita shi da mai kwat, suka hau babban titin bayan gari.

Nan fa Saki-Sannu ya ga abin da ya yi shekaru yana mafarki. Ya taka kuloci, ya jefa biyu, ya jefa uku, mota ta amsa kamar ta daɗe tana jiransa. Kujera ta manne masa a baya. Itatuwa suka riƙa gudu da baya. Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda matarsa ma ta daɗe ba ta ji ba.

"Ka ji ko? Wannan ita ce mota! Kai ka ce, ita ta yi!"

Mai kwat ya ce, "Ƙwarai, Baba," yana riƙe da bel da hannu biyu.

A hanyar dawowa ne kiɗa ya canza. Suka faɗa cunkoso a kan hawan gada, motoci sun yi cirko-cirko, ana matsawa taku ɗaya a tsaya. Kulocin motar kuwa tauri gare shi, kamar kana taka dutse. Taka, saki. Taka, saki. Tun gwiwar tana gunaguni har ta fara ihu. Zufa ta karyo masa duk da sanyin motar. Ya cije leɓe, don ba zai nuna gazawa gaban mai kwat ba. Da layi ya sake motsawa, ƙafar ta yi rawa, ta zame. Mota ta yi tsalle ɗaya kamar kwaɗo, ta mutu murus.

Hon ya kaure ta ko'ina. Wata mata a ƙaramar mota ta gefensu ta sauke gilashi za ta yi masifa, sai ta tsaya, ta zaro ido.

"Lah! Malam? Kai ne?" Sai ta fashe da dariya har tana dukan sitiyari. "Saki sannu, Malam, saki sannu! Ba komai, motar ce ta gaji da kai!"

Ya gane ta sarai. Ita ce wadda ta taɓa shigar masa da mota cikin shagon mai faci. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige har da motar. Ya tayar, ya lallaɓa suka koma.

"Yaya motar?" in ji 'yarsa.

"Lafiya ƙalau," ya ce, yana fitowa da ƙyar, hannu ɗaya a ƙofa ɗaya a kafaɗar mai kwat.

Matarsa ta dubi tafiyarsa, ta dubi mai kwat da ke kallon silin. "Ita motar lafiya ƙalau. Kai fa?"

'Yar ta lallashe shi ya gwada jar, ko don a ce an gwada. Mai kwat ya zauna a gefe ya fara bayani: "Baba, ƙafar hagun nan, ka kwantar da ita can gefe, ka manta da ita." Wanzami ba ya son jarfa. Saki-Sannu ya harare shi.

"Ina koyar da tuƙi tun kana rarrafe."

Amma sabo turken wawa. Ko ƙofar fita ba su kai ba, kunnensa ya ji injin ya nemi lamba biyu. Ƙafar hagu ta tashi da kanta tana neman kuloci, ta sami birki, ta danna shi har ƙasa. Mota ta ƙame. Goshin mai kwat ya gaisa da gilashi. A daidai lokacin kuma hannun Saki-Sannu ya tafi neman giya, ya damƙi gwiwar mai kwat, ya tura ta gaba da ƙarfi.

"Baba, wannan tawa ce!"

Daga can bakin ƙofa ana jiyo dariyar matarsa, har da riƙe ciki.

Ya cire takalmin hagu, ya cusa ƙafar a ƙarƙashin kujera kamar mai ɓoye kayan sata, suka sake fita. A kan babban titi ya danna totur da niyyar kama motar da laifi. Bai samu ba. Kafin ya ce a ransa "yanzu," ta riga ta canza, ba tangarɗa, ba numfashi. Ya rage gudu gaban kwana, ta sauko da giya da kanta, har da ɗan gurnani, daidai inda shi ma zai sauko. Abin ya burge shi, kuma ya ba shi haushi.

"Wa ya koya mata?" ya tambaya, fuska a murtuke.

Da suka iso cunkoson gadar nan, gwiwarsa na kwance abinta. Sai ga shi a tafiyar rarrafe motar ta ɗan yi jinkiri, sannan ta zabura kaɗan, kamar sabon ɗalibi. Saki-Sannu ya washe baki.

"A'a! Ashe ke ma kina da naki! Sannu, 'yar nan, sannu."

Mai kwat ya fara ba da haƙuri, wai haka irinsu suke a cunkoso. Saki-Sannu ya ɗaga masa hannu. Shi wannan aibin ne ma ya fara sa ya ji motar ta kwanta masa.

Duk da haka bai saya ba ranar. Ya koma gida ya yi kwanaki yana juya magana. Da safe ya ce farar, don mutum ba ya tsufa ya ci amanar sana'arsa. Da yamma, in gwiwa ta motsa, ya ce jar ma ai ba laifi. Ya ishi kowa. Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo har ya fara canza hanya.

Matarsa ce ta kashe maganar, tana ninke kaya a gefen gado.

"Malam, ka tuna ranar da ka ce za ka koya mini tuƙi, muna sabon aure? Ka yi ta yi mini tsawa a kan kulocin nan har na buɗe ƙofa na tako gida da ƙafa. Tun ranar ban sake taɓa sitiyari ba. To ni dai ga tawa: in ka sayi farar, ranar da gwiwarka ta ƙi, sai mu zauna mu uku muna kallon juna, ni da kai da ita. In ka sayi jar, zan koya. Amma ba a wajenka ba."

Ya daɗe yana kallon hannayenta a kan kayan. Bai taɓa sanin abin yana ranta ba duk shekarun nan.

"Tsawar ta yi yawa ne?" ya ce a hankali.

"Har maƙwabta sun fito."

Jar aka kawo. Makonnin farko da ƙafa ɗaya ba takalmi yake tuƙi, har ƙafar ta haƙura ta karɓi ritaya ita ma. Ya koyi jan 'yan kunnuwan nan na bayan sitiyari, yana gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa shi ke canza giyarsa da kansa, motar taya shi kawai take yi. In tsofaffin ɗalibai suka tsokane shi cewa ya koma kujera mai tayoyi, sai ya ce, "Kai kulocinka nawa? Ni biyu gare ni."

'Yarsu kuwa ta riƙa ɗaukar uwar da yamma zuwa wani fili a bayan makaranta. An hana shi zuwa. Ya roƙa a bar shi ya tsaya daga nesa, aka ce ko daga nesa muryarsa tana kaiwa. Ba a daɗe ba uwar ta sami lasisi.

Wata safiya suna kan babban titin bayan gari, ita ke tuƙi, shi yana gefe ya rungume hannu ya cije harshe, kamar yadda aka yi yarjejeniya. Sai ga jami'in hanya ya ɗaga hannu. Ta tsaya tsaf a gefen titi, har da sigina. Jami'in ya sunkuyo, ya ga dattijuwa da tabarau da mayafi a cikin jar mota mai gurnani, ya ɗan ja baya.

"Mama, kin san gudun da kike yi kuwa? Ina za ki haka?"

"Babu ko'ina, ɗana. Motar ce ba ta son tafiyar hawainiya."

Jami'in ya danne dariya. "Wa ya koya miki tuƙi?"

"'Yata."

Saki-Sannu, wanda tunda yake ba a taɓa tsayar da shi a hanya ba, ya kasa haƙuri. Ya miƙo wuya ta gaban matarsa, ƙirji a buɗe.

"Ni na koya wa 'yar."

"To Baba, kai za mu kama ke nan," in ji jami'in. Ya ja musu kunne, ya ce su tafi a hankali.

Ta tayar da mota, ta duba madubi, ta hau titi. Sun ɗan yi nisa kafin Saki-Sannu ya waiwaya, ya tabbatar jami'in ya ɓace, sannan ya gyara zama.

"In mun wuce kwanar can ki tsaya," ya ce. "Yanzu layina ne na tuƙi."