Ranar da aka ce ina dafa giya

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, na koma gida Talata Mafara hutu da aikin bincikena. Ina son fitar da man inji daga rake. Na sa aka kawo mini rake daga Bakura, na matse, na zuba a jarka, na ajiye bayan ɗakin girki ya yi tsami. Ni da nake jin kumfarsa kamar waƙa, ban lura warin ya tsallake katanga ba.

Maƙwabcinmu ya tare mahaifina bayan La'asar, ya ce ɗiyarsa na dafa giya.

Sunan kakata aka sa mini, don haka Uwata Baba yake kirana. Ran nan ya tsaya bakin ƙofa bai kira ni komai ba.

"Mi ke cikin jarkar ga?"

"Baba, ba na sha ba ne. Na inji ne."

"Ke, hancina bai tsufa ba. A zubar."

Zubar da rake bai dame ni ba kamar yadda ya ƙi kallona. Na roƙe shi ya zauna. Na ɗauko kwalabe biyu na man rake da na zo da su daga makaranta, ɗaya tatacce ɗaya ba a tace ba, da wani siririn baƙin bututu na gawayi. Na ce ko yaya aka tafasa ruwan raken, sai ɗan ruwa ya maƙale a cikin man. Bututun nan yana da ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa ya wuce, mai ya tsaya.

Ya sa aka tsiyayo fetur daga injinsa na ban-ruwa. Na zuba wanda ba a tace ba, fetur ya gurɓace. Na zuba tatacce, suka haɗe tas.

Ya daɗe yana ɗaga kwalbar a rana. Ya tuna shekarar da fetur mai ruwa ya kashe masa inji, albasarsa ta bushe yana kallo.

"To, ni na gani. Amma unguwa ba ta gani ba, wari taka ji."

Da kansa ya ɗaure jarkar a babur ya kai ta gona. Zai fita ya juyo: "Uwata, ki rufe bakinta da kyau, kar ta zube."

Har yau ban ga laifinsu ba, shi da maƙwabcin. Abin da hanci ya faɗa musu gaskiya ne. Kuma duk sanda na riƙe bututun nan a wurin aiki, babur ɗin nake gani yana fita a hankali, Baba na kauce wa ramuka.