Sautin da Babu Shi a Biyano

Shekara talatin da wani abu na yi ina kaɗa jitar bes a bukukuwan Makka, amma in ka tara waɗanda suka taɓa ganina da idonsu ina kaɗawa, ba za su cika motar alhazai ɗaya ba. Ji dai an ji ni. A zamaninmu in bikin mata ne, bayan labule ake ajiye mu, mu huɗu ko biyar, in kuma na maza ne a cusa mu ƙuryar istiraha, gidan da ake haya don biki, bayan masu ganga. Jitar kuwa a naɗe cikin darduma take fita daga gidanmu na Rusaifa, har maƙwabta na yabona da son tsafta. Aikin da ake faɗa wa surukai shi ne gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, lokacin Hajji kuma ɗaukar kaya a Mina. A aji huɗu na bar madarasa, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da ni, ni ma haƙuri nake da masu karatu.

Ga wanda bai san bes ba: tsirkiyoyinta huɗu ne masu kauri, ba ta magana sai an jona mata lantarki, muryarta kuma can ƙasa take. Ba ta rera waƙa, ɗaukar masu rerawa take yi a kafaɗa. Tawa a haraj na Jidda na same ta, kasuwar tsofaffin kaya, da ƙarafa jere a wuyanta kamar matakala, inda Turawa suka yanke cewa nan ne kawai yatsa zai taka. To mu waƙoƙinmu na Hijaz suna da wani mataki da ke tsakanin matakai biyu, masu ud, garayar Larabawa, suna kiransa sika, kuma akwai waƙoƙin da a kansa suke sauka su kwanta. Sati biyu ina fama, mai ud ɗinmu yana hararata, sai na ɗauki filayar aikina na tuge ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya, na cike guraben da garin katako da gam. Tun daga ranar yatsana ke zuwa inda kunnena ya aike shi.

Tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta yi rawa da kiɗana a ɗaya gefen labule ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba, ta san ni ne, amma ba ta taɓa ganin hannuna a kan tsirkiya a gaban mutane ba, kuma ba ta taɓa faɗa wa ko ƙanwarta abin da mijinta ke yi ba. Ban ga laifinta ba. Ga mai gyaran mukayyif mahaifinta ya ba da ita, ba ga makaɗi ba. Sai dai abin ya tsaya mini a rai, ina so sau ɗaya kafin a kai ni makwanci ta zauna a kujera, fitila a kunne, ta ga abin da na iya.

Ana nan sai zamani ya juya, abin da muke ɓoyewa a darduma ya zama darasi. Aka buɗe makarantun kiɗa, ana ba da shahada, takardar shaida mai tambari. Jikana, ɗan babbar 'yata, ya koyi kamanja, gogen Turawa, da takarda, har ya samu aikin koyarwa a wani ma'ahadi, irin makarantun nan, wajen unguwar Shisha, amma na gwaji, ba a tabbatar da shi ba tukuna. Hausarsa a karye take, Larabci ya cinye ta, sai dai wasan jika da kaka bai kuɓuce masa ba. In ya shigo sai ya wuce ni ya gaida kakarsa da "matata", ni kuma in tambaye shi ko ya kawo cefane tunda shi ne maigida.

Wata rana ya zo bai yi wannan wasan ba. Ya zauna kusa da ni ya ce malaman ma'ahadinsu za su yi hafla, taron kiɗa na ƙarshen shekara, nan da sati uku, iyalai za su zo, ga shi mai kaɗa musu babbar kamanjar nan da ake tsayarwa a ƙasa kamar mutum ya koma ƙasarsu, iƙamarsa, takardar zama, ta ƙare. Suna neman murya ta ƙasa, shi kuma bakinsa ya suɓuce ya ce kakansa na kaɗa bes. Na ja masa rai kamar minti ɗaya don mutunci. Da na gaya wa tsohuwa, sai da yamma na ga ta fito da lafayarta ta zuwa suna tana dubawa ko asu ya taɓa.

Ranar gwajin farko bayan la'asar muka je. Su bakwai ne, kowa da kujera da ɗan ƙarfen ɗora takarda a gabansa. Shugabansu, wanda kowa ke kira ustaz, a waje ya karanta biyano, kuma yana da hanyar sanar da kai hakan kafin ka gama amsa sallama. Ya karɓe ni da ladabi, ya kira ni Ammu, wato baffa, ya tambaye ni inda na yi karatu. Na ce a istirahohin da ke tsakanin Rusaifa da hanyar Jidda, kuma ban taɓa maimaita aji ba. Bai yi dariya ba. Da na fito da jitar suka taso suna leƙa wuyanta kamar likitoci a kan majinyaci, ɗaya ya tambayi wane ne ya yi mata wannan ta'asa, wani kuma ya faɗa wa na kusa da shi, da muryar da yake zaton tsoho ba ya ji, cewa wanda ud ya gagara shi ke komawa jita, wanda jita ta gagara kuma a rage masa tsirkiya biyu a ba shi bes. Na riƙe wannan, na ma yaba tsarin maganar.

Bakin ƙofa aka sa kujerata, wai nan soket yake. Aka ba ni takardar nota, layuka biyar da baƙaƙen ɗigo kamar kashin ƙuda, na juya ta sama da ƙasa duk ɗaya take mini, jikana ya zo ya rubuta haruffa a ƙarƙashi kunnuwansa sun yi zafi. Kafin mu kai rabin waƙar farko sau uku ustaz ya ɗaga hannu ya ce in rage sauti. Na rage har ya zama in na taɓa tsirkiya sai dai cinyata ta ba ni labari. Duk wannan ban damu ba, wanda ya yi zama bayan labule bakin ƙofa ci gaba ne a wurinsa.

Waƙa ta uku ce ta kawo rigimar. Tsohuwar waƙar shigo da amarya ce ta mutanen Makka, wadda na kaɗa har ba na iya ƙirgawa, su kuma yanzu sun sa ta a takarda suna kiranta gadon kakanni. Waƙar nan sau huɗu take sauka a kan sika, daidai inda amarya ke ɗaga ƙafa ta taka. Muka zo wurin, na sa yatsa inda yake zuwa tun kafin a yaye ustaz ɗin, sai na ji biyano ya sauka sama da ni kaɗan, sautukan biyu suna goga juna kamar ƙofa da ta kumbura. Ustaz ya tsayar da kowa ya ce akwai nashaz, wato wani ya kauce. Aka sake, aka kuma sakewa, duk idanu suka dawo bakin ƙofa.

Na yi masa bayani a hankali, cewa sautin da waƙar ke nema babu shi a biyanonsa, yana cikin tsagar da ke tsakanin farin haƙori da baƙi, shi kuma ya ɗauki na kusa ya sa a madadinsa. Ya danna farin haƙorin sau uku yana kallona, ya ce wannan shi ne abin da ke rubuce. Na ce to ya kawo org, ƙaramin biyanon lantarki irin namu na biki, wanda ake iya karkatar masa da sauti, matsala ta ƙare. A nan ne suka yi dariyar da suka hana ni da farko. Ustaz ya ce nan ma'ahadi ne, Ammu, ba istiraha ba.

Sai na juya ga jikana. Kamanja ba ta da ƙarafa a wuya, kamar tawa take, kuma yaron nan da wannan waƙar kakarsa ta rene shi a baya. Na ce da Hausa, don kada su ji: "Kai mijin matata, gaya musu inda take sauka." Ya dubi takardarsa, sa'an nan ya amsa da Larabci, yadda kowa zai ji, cewa abin da ustaz ya danna shi ne a rubuce.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Da muka wuce gada jikana ya ce: "Sidi, na sani. Wallahi na san kai ne daidai. Amma shi ya tsara waƙar, shi ne kuma zai sa hannu a takardata ƙarshen wata." Sidi suke kiran kaka a nan. Na tambaye shi ko shahadar tasa ta toshe kunne ce ko ta ɗaure baki, ya ce in yi masa rai. Da muka isa gida ya ciro farin salatif daga aljihu, ya auna da wayarsa, ya liƙa ɗan guntu a wuyan jitar, faɗin ƙwayar shinkafa biyu sama da wurina. Nan zan taka.

Ina iya cewa ba zan je ba, na kuma yi tunanin hakan. Amma tsohuwa ta riga ta kai lafaya guga, ta gaya wa 'yarmu ta nemo mata kujera a gaba. Saboda haka na zauna sati biyu, ba tare da na jona lantarki ba don kada ta ji, ina koya wa yatsana ƙarya. Abin da wuya. Tsohon yatsa kamar jakin mai ruwa yake, ya san gidajensa, sai ka ja shi da ƙarfi zai wuce ƙofar da ya saba tsayawa.

Ranar Asabar da hantsi aka yi haflar, a wani zaure mai sanyi da kujeru jajaye. Na sa sabon tobe, doguwar rigar mazan nan. Wannan karon ba a bakin ƙofa nake ba, a ƙarshen layi nake, fitila a kaina, har mai kula da sauti ya ɗan ƙara mini murya don zauren babba ne. Na hango ta a layi na uku, ta ɗora jaka a cinya ta riƙe da hannu biyu, tana kallon hannuna ba fuskata ba. Waƙa ta farko da ta biyu suka wuce lafiya, na ga ƙafafun wasu iyaye sun fara motsi a ƙarƙashin kujera ba su san wanda ya sa su ba.

Da aka shiga ta amarya, na ji yatsana ya kama hanyar gidansa. A raina na ce in na taka wurin gaskiya da wannan sautin da aka ba ni yau, biyano ne zai ji kunya ba ni ba, ko banza mutum ɗaya a zauren zai gane. Jikana yana gabana kaɗan, ina ganin ƙeyarsa, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa duk da sanyin nan. Na ɗora yatsa a kan salatif. Sau huɗu waƙar ta sauka, sau huɗu na taka farin nan, ni da biyano muka fita tare sumul. Aka yi tafi mai yawa. Ustaz ya gabatar da malamai ɗaya bayan ɗaya, kowa da garin da ya yi karatu, da ya zo kaina ya ce ga kuma Ammunmu daga cikin jama'a, a tafa masa don ƙoƙari.

A hanyar komawa jikana ke tuƙi, ni a gefensa, tsohuwa da 'yarmu a baya. Ta yaba toben, ta ce ashe haka nake karkata kai in ina kaɗawa, kamar mai sauraron gulma ta bango. Muka yi dariya. Can sai ta matso ta dafa bayan kujerata, ta rage murya irin ta mai jajantawa.

"Amma Malam, hannun ya tsufa. Wurin da amarya ke takawa, duk sau huɗun ka zame sama. Kada ka sa a ranka, ba wanda ya lura sai ni."

Na dubi jikana. Idonsa na kan titi, hannayensa biyu a sitiyari kamar ranar jarrabawar lasin. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, ko daga nawa, amma tawa sai ta bi ta kansa a gaban uwarsa da kakarsa. Na jira shi har muka tsaya a danja, danja ta sake mu. Sai na ce mata tsufa ne, Hajiya, ba ya neman izini.

An tabbatar da shi a aiki ƙarshen watan. Ustaz ya aiko da godiya ta bakinsa, tare da albishir cewa sun samu mai babbar kamanja mai shahada, ba sai na ƙara wahalar da kaina ba. Ita kuwa tsohuwa bakinta ya buɗe tun daga ranar, duk baƙuwar da ta zo shan shayi sai ta gaya mata mijinta makaɗi ne, har a zaure ya yi kiɗa. Ina daga ɗaki ina jin ta. Takan kurɓi shayi, sa'an nan ta ƙara da cewa ai da kin ji shi da can, lokacin yana iyawa.